In Allah ne ke juya zuciya, me ya hana ya juya ta ɗana?

Maman_Ishaku
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, yanzu na sauka daga aikin dare kuma barci ya ƙi zuwa. Shekarata shida ina aikin jinya a Riyad. Da na taho, ɗana na fari yana aji biyu na sakandare, na bar shi da ƙannensa biyu a hannun kakarsu a Kafanchan, don babansu ya rasu. Yau shekararsa 20. Ya bar makaranta, ya bar sujada, ya faɗa shan kodin da tiramol. Jiya ƙanwata ta turo mini hoton ɗakina, an ɓalle kwaɗon, inda keken ɗinkina yake sai shatin ƙafafunsa a kan siminti. Da albashina na farko na sayi keken nan.

Na kira wata uwa a zumuntar mata ta gida ina kuka. Ta ce in daina wahalar da kaina, wai in Allah ya sa shi cikin zaɓaɓɓu zai dawo ko ban yi addu'a ba, in bai sa shi ba ko azumin kwana 40 na yi aikin banza ne. Wata kuma ta ce ni na jawo, da na zauna gida da yaro bai lalace ba. To ku taimake ni. In zuciyar mutum a hannun Allah take, me ya hana ya juya ta ɗana? In kuma yaron ne ke riƙe da linzamin kansa, me nake roƙo in na durƙusa? Zuwana ƙasar nan nufin Allah ne ko son kuɗina ne?

Rifkatu_Dammam
Wayyo Mama, sannu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni ma biyu na bari a Zonkwa wurin yayata. Wadda ta ce ke kika jawo ta zo ta faɗa mana da me za ki biya kuɗin makarantar marayu uku. Ba ni da ilimin amsa tambayarki, amma daga yau Ishaku ya shiga addu'ata ta asuba.

Dattijo_Haruna
'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Uwar da ta ce addu'a banza ce, rabin gaskiya ta ɗauka ta yi miki bulala da shi. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin ruwa ɗauke da mutum 276 ya faɗa cikin guguwa, kwana da kwanaki ba a ga rana ba, ba a ga taurari ba. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba ran da zai salwanta, jirgin kaɗai za a rasa. Magana ta riga ta yanke daga sama. Amma da matuƙan jirgin suka sauke ƙaramin kwalekwale za su sulale, Bulus ɗin nan ne ya ce wa shugaban sojojin, in mutanen nan ba su zauna cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba. Ya kuma matsa musu su ci abinci. A ƙarshe wasu da iyo, wasu a kan katakai, duka suka kai gaci. Wanda ya shirya tsirar shi ya shirya katakan. Addu'arki da kiran wayarki suna cikin katakan nan.

Ni a cocin CRCN na tashi, a Takum. Tun muna yara aka koya mana cewa ko gashin kanmu ɗaya ba ya faɗuwa sai da yardar Ubanmu na sama. Ba wanda ya taɓa koya mana mu naɗe hannu saboda haka.

DanZuru
Baba Dattijo, ranka ya daɗe, bayanin ya yi daɗi amma ka kewaye wurin da ke ciwo. In har akwai sunayen da aka rufe tun kafin a haifi mutum, to uwar zumuntar nan ba ta yi ƙarya ba, rashin iya magana kawai ta yi. Ni abin da na tashi da shi a cocin UMCA daban ne. 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. 2 Bitrus 3:9 ta ce ba ya so kowa ya hallaka. A Matiyu 23:37 Yesu da bakinsa ya ce sau nawa ya so ya tattara mutanen Urushalima kamar yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta, su suka ƙi. Shi ya so, su suka ƙi. Yaya za a yi da wannan? Mama, ba a rufe wa ɗanki ƙofa ba. Allah na kiransa yau ɗin nan, amma ba zai ja shi da igiya kamar akuya ba.

Dattijo_Haruna
Ɗana DanZuru, ayoyinka duka na yarda da su. Ka haɗa da Yohanna 6:44, ba mai iya zuwa wurin Almasihu sai Uba ya jawo shi. Ka haɗa da Lidiya mai sayar da shunayya, Ayyukan Manzanni 16:14, Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta kafin ta karɓi maganar Bulus. Ba da igiya aka ja ta ba, da son ranta ta zo, amma wa ya sa mata son? Bari in tambaye ka abu ɗaya. Yau da dare in ka durƙusa domin Ishaku, cewa za ka yi, ya Ubangiji ka bar shi da zaɓinsa? Ai cewa za ka yi, ka cire masa zuciyar dutse ka ba shi ta nama, kamar yadda ka alkawarta a Ezekiyel 36:26.

DanZuru
Haka zan roƙa Baba. Amma ko Fir'auna da ake yawan kawowa, duba Fitowa 8:15 da 8:32, shi ne ya taurare zuciyarsa. Sai a 9:12 aka ce Ubangiji ya taurare ta. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Yohanna_Yanbu
DanZuru koma baya kaɗan zuwa 4:21. Musa bai ma isa Masar ba Allah ya ce zai taurare zuciyar Fir'auna.

DanZuru
Sanin abin da mutum zai yi daban, sa shi ya yi daban.

Yohanna_Yanbu
Ayar ba ta ce na sani ba, cewa ta yi zan yi.

YarKagoro
Haba maza. Mai ciwo na zaune ba ta runtsa ba, kun koma jifan juna da ayoyi. Mama kin ci abinci kuwa?

Malam_Bulus_Jidda
YarKagoro ta yi gaskiya, amma ku ɗan ba ni wuri, don gardamar nan ta girmi kakannin kakanninmu. Na ɗan zauna a aji a makarantar tauhidi ta Bukuru kafin neman abinci ya kawo ni nan. Tun farkon ƙarni na biyar Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya kara a kanta da Pelajiyus, mai koyar da cewa mutum na iya yin nagarta da ƙarfin nufinsa, majalisar Kartej ta 418 ta ƙi koyarwar Pelajiyus. Irasmus ya yi rubutu a 1524 yana kare 'yancin nufin mutum, Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525 cewa nufin mutum a ɗaure yake. Almajiran Arminiyus, masu cewa mutum na iya ƙin alherin Allah, sun kai ƙorafinsu a 1610, taron Dort na 1618 zuwa 1619 a Holan ya ƙi shi. Baba Dattijo jikan Dort ne, DanZuru kuma maganar John Wesli, mai wa'azin da ya bi ra'ayin Arminiyus, ce a bakinsa. Wesli da abokinsa Witfild sun saɓa sosai a kan wannan, duk da haka da Witfild ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi. Duka ɓangarorin biyu sun yarda ba mai tuba sai alherin Allah ya fara taɓa shi. Inda suka rabu shi ne ko mutum na iya ture alherin nan har ƙarshe.

Amma Mama, ba don wannan na shigo ba. Agustin ɗin nan yana da uwa, sunanta Monika. Ya bar bangaskiyar da ta rene shi a ciki, ya bi wata ƙungiya shekara wajen tara. A shekara ta 383 ya shirya tafiya Roma, ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa kada ya tafi. Ya yi mata ƙarya wai aboki zai raka, ya bar ta tana kwana a wani ɗakin addu'a kusa da tashar, cikin dare jirgi ya tashi da shi. Ta kwana tana roƙon Allah ya hana tafiyar, Allah bai hana ba. Tafiyar nan ce ta kai shi Milan, inda ya ji wa'azin bishop Ambros, aka yi masa baftisma a Ista ta 387. A shekarar ta rasu, bayan ta gani da idonta. Ƙaryar da ya yi mata zunubinsa ce, shi da kansa ya furta haka daga baya. Amma jirgin da ta yi kuka a kansa shi ya kai shi inda take roƙo ya je.

Talatu_Abha
Malam Bulus, kullum labarin Monika ake ba mu. Ina labarin uwata? Shekara 11 tana azumin kowace Laraba domin yayana. Giya ce tasa matsalar. Wata safiya aka tsince shi a bakin kwalbati a Jos, ba rai. Ba mu ji ya tuba ba, ba mu ga alama ba. Ina nan ina canza wa wani tsoho ƙarin ruwa aka kira ni. Har yau in uwata ta tambaye ni ko Allah bai ji ta ba ne, shiru nake yi. In na bi maganar Baba Dattijo, Allah na iya juya shi bai juya ba. In na bi ta DanZuru, Allah ya so amma kwalba ta fi ƙarfi. Ku faɗa mini wanne zan kai wa tsohuwa.

Dattijo_Haruna
'Yata Talatu, ba ni da amsar da za ta cike ramin nan, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Dauda ya yi kukan Absalom bai dawo ba. 'Ya'yan Sama'ila, annabi guda, sun karɓi rashawa. Abin da zan iya cewa, ba ke ba ni ba wanda ya san abin da ya wuce tsakanin yayanki da Mahaliccinsa a sa'ar ƙarshe. Ɓarawon kan gicciye ma da uwarsa ba ta wurin, da ta mutu tana zaton ya hallaka. Ban ce haka ya faru ba. Na ce ba a ba mu littafin mu karanta ba. Maimaitawar Shari'a 29:29, asirtattun al'amura na Ubangiji ne, bayyanannu namu ne da 'ya'yanmu.

Talatu_Abha
Na gode Baba. Zan faɗa mata zancen ɓarawon. Zuciyata dai ba ta kwanta ba tukuna.

Bamaguje
Ni ina ganin rabin rikicin daga bakinmu yake fitowa. Mu da muka tashi da Hausa, tun a goye muke jin rabon kwaɗo ba ya hawa sama, zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Sai fasto ya hau bagadi ya ce nufin Allah, kunnenmu ya ji rabo. Rabo kuwa ba shi da fuska, ba a kai masa kuka. Wanda muke kira Uba yana da kunne, Yesu ma a Getsamani sau uku ya roƙa kafin ya ce nufinka za a yi. Uwar zumuntar da ta yi wa Mama magana, zancen rabo ta yi da kalmomin coci.

A gidanmu a ƙasar Malumfashi rabi Kirista ne rabi Musulmi, tukunya ɗaya muke ci. Kawuna malami ne, mun sha zama a kan wannan. Ya ce su ma imani da ƙaddara na cikin shika-shikan imani shida, amma malamansu sun ƙi Jabariyya masu cewa mutum tilasta shi ake yi, sun kuma ƙi Ƙadariyya masu cewa mutum shi ke ƙagar aikinsa shi kaɗai. Kullum yana kawo zancen ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Mai_Kula_da_Zaure
Ɗan'uwa Bamaguje ka yi magana da ladabi, mun gode. Amma tunatarwa ga kowa: baƙi muke a ƙasar mutane. Mu tsaya kan namu littafin, kada a shiga auna addinin wasu. Kada kuma a rubuta sunan wurin aiki ko gidan da ake haɗuwa ranar Juma'a.

Direba_Luka
Ni ba malami ba ne, tirela nake ja tsakanin Dammam da Riyad. Kafilina na farko, wato mai gidan da ya ɗauke ni aiki, ya riƙe mini albashin wata biyar. In na tambaya ya ce gobe. Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce in haƙura, haka Allah ya tsara mini. Na haƙura har matata ta sayar da akuyoyinta ta biya haya. Wata rana ina karanta Yakubu sura 5 a wurin hutawar direbobi, na ga an ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka har kukan ya kai kunnen Ubangiji. Na ce ashe Allah bai kira wannan tsarinsa ba, zalunci ya kira shi. Na kai ƙara ofishin ƙwadago, aka yi ta zirga-zirga, aka biya ni, na canza wurin aiki. Allah ne ya ƙwato mini, ban yi shakka ba. Amma da ƙafata na hau matakalar ofishin nan, gabana na faɗuwa don ban san me zai faru da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ba.

Yohanna_Yanbu
Luka labarinka shi ne Farawa 50:20. 'Yan'uwan Yusufu sun nufe shi da mugunta, Allah ya nufa da alheri. Aiki ɗaya, nufi biyu, kuma ba a wanke su ba.

Likita_Istifanus
Mama, bari in yi magana ta ɓangaren aikina. Kodin da tiramol dangin juna ne, in jiki ya saba da su, ranar da aka rasa sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, hamma, rashin barci. Tiramol in ya yi yawa har farfaɗiya yana kawowa. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma bai ɓace daga unguwanni ba. Ina so ki gane cewa mai yiwuwa ranar da ya ɗauki kekenki yana ƙin abin da hannunsa ke yi. Na zauna da irinsu da yawa kafin in zo nan. Yaro zai rantse yana kuka da gaske, jibi ya koma. Romawa 7:19 a zahiri, nagarin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi.

Shi ya sa in ana cewa mutum na da 'yancin zaɓi nake tambaya, wane mutum? Mai shaye-shaye da son ransa yake sha, ba a ɗura masa, laifinsa ne. Amma son ran nasa ne aka ɗaure. Dole taimako ya zo daga waje. A nan na fi kusa da Baba Dattijo. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya warke ba tare da ya kai ranar da ya ce na gaji da bakinsa ba, a nan kuma DanZuru na da magana. Ki sa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, suna duba masu wannan matsalar. Kada a kai shi inda ake sa mari ana duka da sunan addu'a. Kuɗi kuma ki daina turawa ta hannunsa.

DanZuru
Likita na karɓi gyara a kan ɗaurin. Ban taɓa cewa mutum na iya kwance kansa ba. Cewa nake in Allah ya kwance, mutum na iya komawa ya ɗaure. Kuma har yanzu ba a amsa mini kaza da 'yan tsaki ba.

Dattijo_Haruna
Ba zan iya amsa ta yadda za ka gamsu ba ɗana. Filibiyawa 2:12 da 13 sun ce ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata. Bulus ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa bai ji nauyi ba. Shekarata 61, ban kai ga ƙullin da ya haɗa su ba.

Maman_Ishaku
Na ɗan yi barci, na tashi na tarar da duk wannan. Allah ya saka muku. YarKagoro na sha shayi da burodi. Talatu ƙanwata, ban san kina ɗauke da wannan ba, ki gaishe mini da Mama. Amma tambayata ta ƙarshe ba wanda ya taɓa ta sai Rifkatu. Ranar da biza ta fito na ba da shaida a gaban ikkilisiya, aka yi ta tafi ana cewa Allah ya buɗe ƙofa. Yau mutanen nan ne ke cewa na zaɓi riyal na bar ɗa. Wanne ne gaskiya?

YarKagoro
Mama bakin mutane ba alƙali ba ne. Yara nawa ne suka lalace uwarsu na tsakar gida tana tuƙa tuwo? Ƙannensa biyu da ke makaranta fa, ba riyal ɗin ba ne?

Malam_Bulus_Jidda
Ina ganin ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Ke kika yanke shawara, da hankalinki, da abin da kika sani a lokacin, kina neman abincin marayu. Karin Magana 16:9 ta ce mutum ke tsara hanyarsa, Ubangiji ke bi da sawunsa. In kin bincika zuciyarki kin ga wurin da kika yi sakaci, wata ƙila watannin da ba ki kira ba don gajiya, ki furta wannan wurin kaɗai, ki nemi gafarar Allah, ki nemi ta yaron ma. Kada ki ɗauki kwalbar da ya sha ki ɗora a kanki. Ezekiyel 18:20 ta raba kayan uba da na ɗa.

Rifkatu_Dammam
Ni dai in da hali ki nemi hutu ko na sati uku ne. Waya ba ta kai ido da ido ba. In kuɗin jirgi ne matsala ki yi magana, ba mu da yawa amma ba za mu rasa ba.

Talatu_Abha
Ki je Mama. Ni hutun da na ɗaga zuwa Disamba shi ya sa ban tarar da yayana da rai ba.

Maman_Ishaku
Na kira shi ɗazu, sau huɗu kafin ya ɗauka. Ban yi zancen keke ba. Na ce masa ya yafe mini shekarun da ya yi yana ganina a waya kawai. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, can ya ce Mama kina lafiya, ya kashe. Gobe zan shiga wurin shugabarmu in nemi hutun gaggawa. Likita, tambaya ɗaya kafin motar asibiti ta zo: in ya ce ba zai je Barnawa ba, a sa kawunansa su kai shi dole, ko in jira sai ya yarda?

Likita_Istifanus
In yana neman illata kansa ko wani, ko ya fara fita hayyacinsa, ko farfaɗiya ta kama shi, a kai shi ranar, kada a jira komai. In bai kai nan ba, ki bari sai kin sauka. Ki zauna da shi ke da kawun da ya fi jin maganarsa, da safe kafin ya fita, kada a tara masa jama'a. Ki ce ganin likita za ku je tare, ke ma za ki shiga. In ya ƙi ranar farko ki sake washegari. Turo mini saƙo ta gefe in faɗa miki abin da za ki tambaya idan kun je.

DanZuru
Baba Dattijo, ni da kai sati mai zuwa za mu buɗe Romawa 9 daga farko har sura 11, kada a tsaya a kan maginin tukwane kawai. Mama, azumin Laraba ina ciki.

Dattijo_Haruna
Na yarda, amma ka karanto har 11:32 kafin ka zo. Laraba ni ma ina ciki. Talatu, turo mini lambar mahaifiyarki ta gefe, matata na so ta kira ta.